Maɓalli a Hagu, Jimla a Ƙasa: Wa Zai Kai Wa Wa Labari?

Bayan la'asar ɗin wata Asabar wani ɗalibi ya yi sallama a ɗakin aikina da ke Sabon Gari a Damagaram, kwamfutarsa a hammata. Kawunsa ɗan kasuwa ne, yana sayar da shinkafa da sukari da mai da ganyen shayi a kan sari kusa da Kasuwar Dole, shi kuma ya ɗauki alkawarin rubuta masa manhajar lissafin ciniki. Da harshen rubuta manhaja na Java ya yi ta, da kayan zana tagogi na Swing. Ya buɗe ya nuna mini: jerin kaya a hagu da maɓallin ƙarawa a ƙarƙashinsa, kwandon mai saye a dama, jimlar kuɗi can ƙasa da manyan lambobi, sai wata taga daban mai nuna abin da ya rage a mangaza. Kowane sashe ya ware shi a fayil ɗinsa kamar yadda aka koya musu, kuma a nan bai yi kuskure ba.

Ya ce, "Malam, kowanne yana aiki in shi kaɗai ne. Amma in na danna maɓallin nan, jimlar can ko gezau. Yaya zan sa wannan ya taɓa wancan?"

Na ce, "Zauna, ƙanena. Me ka gwada?"

Abin da kusan kowa ke fara gwadawa ya gwada. Ya mai da akwatin jimlar na kowa da kowa, ya liƙa masa kalmomin nan biyu na Java, public da static, ta yadda kowane fayil zai iya miƙa hannu ya rubuta a cikinsa. Ya yi aiki mako guda. Sai yaron kantin ya ce masa masu saye ba sa zuwa ɗaiɗai: wani yana ƙirga kuɗi, wani ya riga ya fara kiran buhu nawa yake so. Ɗalibin ya ƙara damar buɗe tagar ciniki ta biyu, daga nan lissafi ya dagule. A danna maɓalli a tagar farko, kuɗin ya bayyana a ta biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da aka ce static guda ɗaya ne tak a duk manhajar, don haka tagar da aka buɗe a ƙarshe ita ce ta ƙwace wurin.

Ba a iya amsa tambayarsa sai an san yadda manhaja mai tagogi take rayuwa. Shirin da ɗalibi ke fara rubutawa a aji yana tashi daga layin farko, ya bi har na ƙarshe, ya ƙare. Mai tagogi kuwa zaman jira take yi, irin na mai kanti. A cikinta akwai wani zagaye marar ƙarewa: ya duba layin saƙonni, ya ɗauki na gaba, ya miƙa wa mai shi, ya koma ya sake dubawa. Saƙonnin daga tsarin kwamfutar suke fitowa, Windows ne ko Linux: an motsa linzami, an danna harafi, an ja gefen taga. Kowane ɗaya daga cikinsu shi nake kira aukuwa. Maɓalli kuma bai san don me aka ajiye shi ba. Abu ɗaya ya iya: yana riƙe da jerin waɗanda suka ce a sanar da su, in an danna shi ya bi jerin ya kira su bi da bi. Waɗannan su ne masu sauraro.

Da ba haka Java take ba. A fitowarta ta farko a 1996, aukuwa tana zuwa wa maɓalli, in bai kula da ita ba ta hau zuwa sashen da ke ɗauke da shi, ta yi ta hawa har babbar taga. Sakamakon haka sai ka tarar da wani dogon aiki guda a babbar tagar yana ta tambaya: wane maɓalli ne wannan, na ƙarawa ne ko na sharewa ko na fita? A 1997, da fitowa ta 1.1, aka sauya tsarin zuwa wanda muke amfani da shi har yau, inda duk mai son jin labari yake zuwa ya rubuta kansa ta hanyar addActionListener da ƴan uwansa. Sauyin ya yi kyau ƙwarai, amma ya bar wa mai rubutu wata tambaya da dole shi zai amsa da kansa. Maɓalli yana wani gida, abin da za a canza yana wani gida. Mai sauraron da ya san gidajen biyu, a ina zai zauna?

Amsa mafi sauƙi ita ce a bai wa sashen hagu adireshin sashen jimla tun lokacin gina shi. Wannan ya fi static nesa ba kusa ba, domin kowace taga za ta riƙe nata. A ƙaramar manhaja mai sassa biyu ba na hana kowa yin haka. Matsalar tana zuwa ne da girma. Sashen kaya zai buƙaci sanin kwando, da jimla, da tagar mangaza. Kwando ma, in an cire abu daga cikinsa, zai buƙaci sanin jimla da mangaza da sashen kaya. Sassa huɗu da kowa ya san kowa hanyoyi 12 ke nan; in suka kai shida, 30. Wata rana kuma sai ka ga kana son gina na hagu amma yana neman adireshin na dama, na dama kuma ba ya ginuwa sai da adireshin na hagu. Duk wanda ya taɓa samun saƙon kuskuren nan na kiran abin da ba a riga an gina ba, a daidai lokacin buɗe taga, ya san wannan ƙulli.

Akwai wanda ya riga ya san sassan duka ba tare da an gabatar masa da su ba, wato babbar tagar da ta gina su. Ita ce uwar gida, ita ya kamata ta yi dillancin. Sashen hagu ya buɗe ƙofa guda: duk mai son jin an zaɓi kaya ya rubuta kansa a nan. Sashen dama ma ya buɗe tasa: ga inda ake ba ni kaya in nuna. Uwar gida ta ɗaura wannan da wancan da layi ɗaya ko biyu. Na hagu bai san da na dama ba, na dama bai san da na hagu ba, kuma gobe kana iya ɗauke kowannensu ka kai shi wata manhaja ba tare da ya jawo ɗan uwansa a baya ba.

A nan akwai wani ɗan abu da nake nanata wa duk wanda ya zo wurina, domin shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda za a rushe bayan wata uku. Kada ƙofar da sashe zai buɗe ta zama maɓallin kansa. Da yawa suna rubuta aikin da ke miƙa maɓalli ga na waje, na waje ya rataya mai sauraronsa a jikinsa. Yau yana aiki. Gobe Alhaji, kawun ɗalibin, ya ce shi ba ya son jan linzami, yana son yaro ya rubuta lambar kaya ya danna Enter. Jibi ya sayo na'urar karanta layukan nan da ke jikin kwali, wadda a wurin kwamfuta tamkar allon madannai take, tana tura lambobi kamar wani ne ya buga su. Yanzu hanyoyin ƙara kaya sun zama uku, maɓallin ɗaya ne kawai daga ciki, kuma duk wanda ya rataya a jikinsa ya zama kurma ga sauran biyun. Labarin da sashe zai fitar waje ya zama da harshen kasuwa: an zaɓi shinkafa, buhu 3. Yadda aka yi aka zaɓa, da maɓalli ne ko da madannai, sirrin cikin gida ne.

Har yanzu dai ban taɓa ainihin ciwon ba, kuma sai da na karanta rubutunsa na gan shi. Na tambaye shi, "Jimlar kuɗin nan, a ina take zaune?" Ya nuna mini akwatin da ke ƙasan taga. Da gaske yake, haka ya rubuta: in an ƙara kaya, a karanta rubutun da ke cikin akwatin, a mai da shi lamba, a tara, a mai da shi rubutu, a mayar. Ranar da ya so ƙawata shi ya sa a nuna kuɗin yadda muke rubutawa a nan, 12 500 da tazara tsakanin dubbai irin ta Faransanci, da harafin F a ƙarshe, karantawar ta karye, domin rubutu mai tazara da harafi ba ya komawa lamba kai tsaye.

Ɗan kasuwa ba ya yin wannan kuskuren. Allon da ya rubuta farashi a ƙofar kanti don idon mutane ne. Gaskiyar cinikinsa tana cikin littafi. In ruwa ya wanke allon, ba abin da ya yi asara. Manhaja ma tana buƙatar littafinta, ni ina kiransa kundi: wani abu da ba a gani a fuskar kwamfuta, mai riƙe da jerin kayan da aka ɗauka, da yawansu, da farashinsu, wanda ya iya fitar da jimla da kansa. Shi ma kundin, kamar maɓalli, yana da jerin masu sauraronsa. Maɓallin ƙarawa ba ruwansa da akwatin jimla. Kundi yake gaya wa a ƙara buhu 3. Kundi ya ƙara, sannan ya sanar da duk wanda ya rubuta kansa cewa an sami sauyi. Kwando ya ji ya sake zana jerinsa, akwatin jimla ya ji ya tambayi sabuwar jimla ya nuna. In gobe an ƙara ƙaramin allo mai fuskantar mai saye don ya ga kuɗinsa da idonsa, sai shi ma ya zo ya rubuta kansa, ba a taɓa ko layi ɗaya na maɓallin ba.

Da wannan matsalar tagogi biyu ta warware da kanta, domin tambayar ta koma wadda Alhaji ma zai iya amsawa: me ake tarayya a kai, me ba a yi? Kowane mai saye da kwandonsa, saboda haka kowace tagar ciniki da nata kundin. Mangaza kuwa ɗaya ce, saboda haka kundin mangaza ɗaya ne, a miƙa shi ga duk tagar da aka buɗe. In tagar farko ta sayar da buhun sukari na ƙarshe, ta biyu za ta ga ya ƙare nan take, alhali ba su san juna ba. Hanyar gwada ko kundi ya tsaya da ƙafarsa kuma mai sauƙi ce: a duba saman fayil ɗinsa. In akwai sunan maɓalli ko taga ko akwatin rubutu a ciki, an fara mai da littafi allo.

Wannan tunani ya girmi ɗalibin, ya girmi Java ma. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, shi ya tsara shi a 1979 lokacin da yake baƙon aiki a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, inda ake gina harshen Smalltalk. Ya raba aikin gida uku: mai riƙe bayani, mai nuna shi, da mai karɓar umarnin mutum. Har yau da haruffan MVC aka san tsarin. Swing kansa a kan wannan harsashi aka ɗora shi, abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Teburin JTable ba ya riƙe da bayani, a jikin kundinsa yake karanta shi. Na nuna wa ɗalibin da layi uku: na gina akwatunan rubutu biyu a tagogi daban, na ɗauki kundin na farko na bai wa na biyu. Yana bugawa a nan, haruffan suna fitowa a can. Ya daɗe yana neman mai sauraron da na ɓoye. Babu wanda na rubuta. Akwatunan ne da kansu suke sauraron kundin da aka ba su.

Sauran harsuna da kayan zana tagogi ba su bambanta ba sai a suna. Qt, wani tarin kayan zana tagogi na harshen C++ wanda Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara a Norwe aka fitar wa jama'a a 1995, yana kiran abin sigina da mazauninta: sashe ya saki sigina bai san wa zai ji ba, wani na uku ya ɗaura ta da aikin da za a yi. Tun fitowa ta 5 a 2012, in ka yi amfani da sabon salon ɗaurin, kuskuren suna yana bayyana tun wurin harhaɗa manhajar, ba sai tana hannun mai kanti ba. A C# alamar += ke rubuta mai sauraro, -= ke cire shi. Masu Python da Tkinter suna da bind, da kuma ƴan ma'ajiyoyi irin su StringVar waɗanda ake iya sa wa ido. Wanda ya gane abin a ɗaya, yini guda ya ishe shi a sauran.

Inda nake son a tsaya a daɗe shi ne abin da ke biyo bayan haɗawa, domin a nan ne manhajojin da ake rubuta wa kantuna da ɗakunan magani a garin nan suke faɗuwa, kuma ba a ranar farko ba.

Akwai amsa-kuwwa. Duk mai ciniki a Damagaram yana da ƙafa ɗaya a Kano ko Maigatari ko Daura, don haka ba a rasa buƙatar akwatuna biyu, na sefa da na naira, a rubuta a ɗaya ɗayan ya canza. Mai rubutu ya sa wa kowanne mai sauraro. An rubuta a na naira, ya gyara na sefa; na sefa ya ga an taɓa shi, ya juyo ya gyara na naira; haka har kwamfuta ta gaji. Swing ma ba ya bari a kai can: in ka nemi sauya rubutun akwati a daidai lokacin da yake sanar da masu sauraronsa, kuskure yake jefo maka. Maganin da aka saba bayarwa shi ne kada a sanar in sabon abu daidai yake da tsohon, kuma PropertyChangeSupport na Java da kansa yake yin wannan tacewar. Yana tsayar da zagayen, amma a duba abin da ya rage. A ce, don misali kawai, jika ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, tana kan naira 2,650. Yaro ya rubuta naira 1,000. Lissafi ya ba da sefa 377 da ɗoriya, a kuma kasuwarmu da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5, sai a daidaita zuwa 375, dala 75. Akwatin sefa ya ji sauyi ya mayar: 375 naira 994 ne. Zagaye ya tsaya lafiya, babu saƙon kuskure ko ɗaya, amma yaron ya rubuta 1,000 yana kallo ta koma 994. A gaban mai saye wannan ya fi mutuwar manhaja muni, domin amana ce ta taɓu. Gyaran na gaskiya shi ne a bambanta abin da mutum ya rubuta da hannunsa da abin da manhaja ta cika. Qt ya tanadi sigina biyu don wannan: textChanged tana fita ko wa ya sauya rubutun, textEdited kuwa sai in mutum ne. A Swing da kanka za ka kafa ƴar tuta mai cewa yanzu ni nake cikawa, kada a amsa mini. Kuma a nan ma kundi ne ya kamata ya riƙe abin da aka rubuta da kuɗin da aka rubuta shi da shi, akwati na biyu ya zama mai nuni kawai.

Sai mai sauraron da aka manta da shi, wanda ni kaina ya taɓa ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarun baya na yi wa wani mai sayar da kayan gini manhaja, da ƴar taga mai nuna bayanin kaya guda: saura nawa, nawa aka sayo, nawa ake sayarwa. In an buɗe ta sai ta rubuta kanta a kundin mangaza don ta riƙa sabuntawa. Ban rubuta inda za ta cire kanta ba. Kusan shekara babu wanda ya koka. Sai ya sa faifan hasken rana da batura, daga nan ya fara kirana: da safe manhajar garau, kafin magariba kowace dannawa sai an jira, bayan kwana biyu sai ta tsaya cak. Na zargi kwamfutar, na zargi zafin watan Afrilu, na zargi ƙura. Ashe a da ɗaukewar kuran ce ke rufa mini asiri, domin duk lokacin da kwamfutar ta mutu aka kunna, jerin masu sauraro yana komawa fanko. Da wuta ta zauna, tagar da yara ke buɗewa su rufe ba adadi a yini sai ta yi ta taruwa a cikin jerin. Kowane ciniki ɗaya, kundi yana bi yana sanar da ɗaruruwan tagogin da babu mai ganinsu, kowace tana sake lissafi.

Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne, mai kwashe shara na Java, wato sashen da ke share abin da aka gama amfani da shi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya ɗaukar abin da wani ke riƙe da adireshinsa, kundi kuma yana riƙe da adireshin duk wanda ya rubuta kansa. Mai gajeren rai ya ba mai dogon rai hannu, ba ya tafiya sai an sake shi. Ƙari a kan haka, a Swing danna alamar rufe taga ɓoye ta kawai yake yi in ba ka ce a rushe ta ba, kuma ko an rushe ta ba ta san ta je ta goge sunanta daga kundinka ba. Dole a rubuta cirewar a wurin da ake jin an rufe taga. Tun daga ranar, duk inda na rubuta layin shiga, ba na tashi sai na rubuta na fita. Akwai kuma tarko a cikin cirewar kanta: in ka shigar da mai sauraro marar suna, irin gajeren rubutun da Java 8 ta kawo a 2014, sannan ka zo cirewa ka sake rubuta irinsa harafi da harafi, ba abin da zai fita, domin wani sabo ne ka ƙirƙira, kuma ba za a gaya maka ba. Sai ka ajiye na farkon a wuri, ka miƙa shi shi ɗin. C# ma haka yake. Qt ya fi sauƙi, yana kwance ɗaurin da kansa in an rushe ɗaya daga cikin biyun, amma shi ma rufe taga ba rushewa ba ne sai an faɗa.

Batun wa za a fara kira kuwa gajere ne. Alhaji yana son a rage kaya daga mangaza kafin a buga rasit. Kada a rataya waɗannan a matsayin masu sauraro biyu ana fatan za su zo a jere. Qt yana bin tsarin da aka ɗaura su, maɓallan Swing kuwa a aikace daga na ƙarshe suke farawa, kuma ba su yi wa kowa alkawarin tsari ba. In na farko ya faɗi da kuskure, na bayansa ba za a kira shi ba. Abin da dole ya bi tsari aiki ɗaya ne, a rubuta shi wuri ɗaya, a sanar bayan an gama.

Zagayen nan da na ambata a farko ma'aikaci ɗaya ne ke juya shi, zare ɗaya a bakin masu sana'ar. Shi ke kiran masu sauraro, shi ne kuma ke zana taga. In mai sauraro ya tsaya jiran na'urar buga rasit da takarda ta maƙale mata, ko jiran intanet ranar da rezo ba ya da ƙarfi, babu mai zana komai, babu mai amsa dannawa. A manhajoji da yawa, bayan kamar daƙiƙa 5 Windows zai dusashe tagar ya rubuta a samanta cewa ba ta amsawa, yaron kanti kuma ya kashe ta a tsakiyar ciniki. Aiki mai nauyi sai a ba wani zare. Amma shi wannan zaren ba shi da izinin taɓa taga, kuma in ya sauya kundi, masu sauraro a kansa za a kira su, su taɓa tagar ba da sani ba. Irin wannan kuskure ba kullum yake nunawa ba, yana iya yin wata bai fito ba. Kowane tsari ya ba da ƙofar maido da saƙo layin da ya dace: invokeLater da SwingWorker a Swing, Invoke a tagogin C#, Qt kuma yana jera siginar a layi da kansa in ya ga zaren ya bambanta. Ni na fi son a ƙulla doka ɗaya tun farko, cewa kundin da tagogi ke saurare ba a sauya shi sai daga zaren taga.

Da ɗalibin ya ji duk wannan sai ya kawo shawarar da na san za ta zo, don ya gan ta a intanet: me zai hana a yi mai shela guda na duk manhajar, kowa ya kai masa labari, kowa ya ji daga bakinsa? Ana yin haka, kuma yana da wurinsa. Labari irin su an sauya harshe daga Faransanci zuwa Hausa, ko mai aiki ya fita wani ya shiga, ya shafi kowa, shela ta dace da shi. Amma ban yarda a mai da shi hanyar kowane saƙo ba. Sankira yana da amfani ne saboda ba kullum yake fita ba. Ranar da kowane buhun shinkafa ya bi ta bakin mai shela, in jimla ta fito ba daidai ba babu mai iya bin sawu ya gano wa ya faɗa, wa ya ji, wa ya maimaita. Kuma tagogi biyun nan nasa za su koma jin labarin juna, sai an liƙa wa kowane saƙo lambar tagar da ya fito, wato static ɗin da ya gudu daga gare shi ya dawo ta bayan gida.

Ya dawo bayan kwana goma da manhajar a gyare: kundin ciniki ga kowace taga, kundin mangaza guda, babbar taga tana ɗaurawa, kowace tagar da aka rufe tana goge sunanta. Muka buɗe tagogi uku muka sayar da sukari daga kowace, mangaza tana raguwa a duka ukun. Sai ya ce kawun nasa ya ji daɗi har yana maganar sa wata kwamfuta a kantinsa na biyu da ke Zango, ta riƙa ganin mangaza ɗaya da ta kasuwa. Ya tambaya ko kundin zai sanar da ita ita ma.

Ba zai sanar ba. Jerin masu sauraro adireshi ne na cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya, ba ya tsallake bango, balle unguwa. Kwamfuta ta biyu tana buƙatar rumbun bayanai da duka biyun za su riƙa tambaya, da hanyar jin an sauya shi, ko ta leƙawa duk bayan ƴan daƙiƙu ko ta sanarwar da wasu rumbuna irin PostgreSQL ke iya aikawa. Kuma dole a yanke hukuncin abin da zai faru in yara biyu, ɗaya a Dole ɗaya a Zango, suka sayar da buhun ƙarshe a daƙiƙa guda, ko kuma rezo ya yanke tsakaninsu tun hantsi. Na ce masa wannan hukuncin ba nasa ba ne kuma ba nawa ba ne, ya je ya tambayi Alhaji yadda yake yi yanzu da littattafansa biyu in haka ta faru, ya rubuto mini amsar a takarda kafin mu buɗe kwamfuta.